Cokalin Baffa Mijinyawa

Tun ranar da Baffa Mijinyawa ya sauka Landan, Saudatu ba ta sake samun sukuni ba.

Ƙanin mahaifinta ne, kuma tun rasuwar mahaifin shi ne waliyyinta. A gidansa na Bayswater take sauka duk ranar da ba ta da aiki a babban asibitin Camberwell, inda take koyon jinya. Lokacin kuwa kuɗin mai sun sa kowa a Najeriya yana son gini, Baffa kuma jiragen ruwa yake cikawa da siminti. Ya zo ne ya sa hannu a takardu ya koma, sai ya tarar da labarin da ya fi masa siminti nauyi, wai 'yar wansa kuku take so.

Bai taɓa ganin kukun ba, wato Zailani, bai kuma nemi ganinsa ba. Abin da aka faɗa masa ya ishe shi. Yaron ɗan Gombe ne kamar su, iyayensa mutanen kirki, gwamnati ta turo shi karatun akanta, aka wayi gari ya rufe littattafai ya shiga kicin ɗin wata Bafaranshiya a Soho yana fasa ƙwai.

Baffa ba mai faɗa ba ne, shi ya sa maganarsa ta fi ciwo. Ya kira ta falo ya ce shi ba zai yi mata dole ba. In Nata'ala, ɗan abokin kasuwancinsa da ke ta zarya a gidan, bai yi mata ba, ta kawo wani. Amma namijin da ke tsaye a kan tukunya ana biyansa, ita ma ta san sunan da ake kiransa da shi a gida. Ranar Litinin zai koma Gombe, kuma in ya faɗa wa dangi babu wannan magana, to babu ita.

Saudatu ta san haka ne. A zuriyarsu abin da Baffa ya rufe ba a sake buɗe shi.

Da safiyar Asabar Inna Mero, matar Baffa, ta same ta a ɗaki ta kifa kai a filo, idanu sun yi luhu-luhu.

"Inna, me ya yi?" in ji Saudatu. "Sata ya yi? Giya yake sha? Ko sallah ce ba ya yi?"

"Ban ce ya yi ko ɗaya ba."

"To don girman Allah ki ce wa Baffa ya gan shi ko sau ɗaya ne. In ya gan shi ya ce bai yi ba, zan haƙura. Ban san yadda zan yi ba, amma zan haƙura. Ni dai kada a yanke masa hukunci ba a ga fuskarsa ba."

Inna Mero ta zauna bakin gado tana shafa mata baya. Ta ce ba tukunyar kaɗai ce ta dami Baffa ba.

"Kin san gidanmu da kunya. Dubi mijin Jamilatu, tun da ya auri 'yar Baffanki ɗayansu bai taɓa kai loma baki a gaban ɗaya ba. In ya zo sai a kai masa kwano ɗaki, Baffanki ma sai ya ji an ja ƙofa sannan ya wanke hannu. To shi cewa yake, mutumin da yake wuni cokali a baki a gaban kowa, ina zai san wannan?"

Saudatu ta sake fashewa da kuka. Inna Mero ta bar ta ta yi mai isarta. Sai dai Inna Allah ya yi ta da son sanin ƙwaƙƙwafi, kuma akwai tambayar da ta daɗe tana cin ta. Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Wai ni kam, me yake dafawa ne? Da daɗi?"

Saudatu ta ɗago. Kunya ta kama ta, don amsar ba ta da daɗin faɗa: ba ta taɓa ci ba.

Ta ba Inna labari tana jan majina. Zailani ya fara ne da wanke-wanke a gidan abincin lokacin hutu. Wata rana aka dawo da wani kwano da mai shi bai taɓa ba, ya ɗanɗana, daga nan hankalinsa bai sake komawa kan lissafi ba. Sunan abin sufle. Ƙwai ne da madara da cuku, a buga farin ƙwan har ya tsaya da kansa, a sa a tanda ya kumbura ya wuce bakin kwano. Amma ba ya jiran kowa. Daga fitowarsa yake fara saɓewa, kafin a kai shi bakin titi ya zama ba shi ba. Shi ya sa bai taɓa kawo mata ba, ita kuma ya hana ta zuwa wurin a bayan idon iyayenta.

"Giyar fa? An ce su ko ruwan shayi sai sun ɗiga."

Saudatu ta ce kicin ɗin kashi-kashi ne. Shi ɓangaren ƙwai da kifi da fulawa ya roƙa aka ba shi. Tukwanen giya da naman alade suna can ɗaya gefen, ba ya ɗanɗana su, har abokan aikinsa na tsokanarsa da liman. Burinsa ya koma gida, don ga manyan otal ana ta ginawa a Kano da Kaduna, kuma duk Turawa ake ɗaukowa su riƙe kicin.

Inna Mero ta jinjina kai. A fuska tausayi ne, amma a zuci ƙwan nan da ke tsayawa da kansa take ta juyawa.

Kafin azahar sai ga Nata'ala ya faka doguwar motarsa a ƙofar gida, ya shigo da kwat mai faɗin kwala, turarensa ya riga shi sallama. Ya taɓa yin hutu a Paris, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji labarin.

"Alhaji, ba za ka koma ba ka ci abincin Faransa ba. Na yi booking, har da su Hajiya."

Baffa ya so ya ƙi, amma ɗan aboki ne. Aka ce wa Saudatu ta wanke fuska ta sako mayafi.

Ba ta kawo komai a ranta ba sai da motar ta shiga ƙananan titunan Soho ta tsaya gaban wata koriyar ƙofa mai labulen leshi. Ta karanta sunan da ke sama, ashe gidan abincin da Zailani ke aiki ne. Ta dubi Nata'ala ta madubin mota, shi ma ita yake kallo, yana murmushi. Nan ta gane ba cin abinci ya kawo su ba, so yake Baffa ya ga Zailani da rigar kuku.

Ta tsane shi a lokacin, tsana mai tsanani. Amma gaskiya ba ta ɓuya, da ƙofar ta buɗe ƙamshin man shanu da tafarnuwa ya buge ta, sai son ganin wurin ya danne rabin tsoron. Nan ne ke nan. Nan ne wurin da ya raba Zailani da karatu.

Ɗaki ne ɗan tsukuku, tebura kusa da juna, kowanne da farin ƙyalle. Mai wurin, Madam Angelina, gajeriyar mace mai furfura da jan baki, ita ta tarbe su ta kai su kusa da taga. Gaban kowa an jera cokula da wuƙaƙe kamar za a yi tiyata. Inna Mero ta ƙirga nata da ido, ta raɗa wa Saudatu cewa ko dai bakin Faransawa ya fi ɗaya ne.

Aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, an yayyanka a kwando, bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi. Nata'ala ya karɓi takardar abinci ya shiga zuba Faransanci. Mai hidimar ya saurara cikin ladabi har ya gama, sannan ya tambaye shi da Turanci me yake so.

Miyar albasa aka fara kawowa, da cuku narke a samanta. Baffa ya sa a tambaya ko da giya a ciki. Mai hidimar ya ce kaɗan ce, kuma wuta ta cinye ta. Baffa ya ture kwanon da bayan hannu, Inna Mero ta bi shi da kallo har aka fita da shi. Sai aka turo wani keken katako cike da cuku iri-iri, wani fari, wani da kore-kore a jiki. Inna ta sunsuna ɗaya ta ce ashe su ma suna da daddawarsu, mu kawai ake yi wa gori.

Baffa dai burodi ya riƙe. Ya shafa man shanu ya ci, ya ƙara, ya ce wannan kam sun iya.

Nata'ala kuwa dodon koɗi ya sa aka kawo masa, a cikin ɓawonsa, yana iyo a man tafarnuwa. Ya kama ɗaya da wani ɗan ƙarfe, ya zaƙulo naman da siririn cokali, ya jefa baki yana lumshe ido. Inna Mero ta yi salati a hankali, amma ba ta ɗauke ido ba, har tambaya ta yi ko yana da ƙashi. Shi kuma yana tauna yana yi wa Baffa bayanin yadda manyan Paris ke yi, mai yana sheƙi a leɓensa.

Saudatu ba ta taɓa komai ba. Idonta na kan wata ƙofa a ƙarshen ɗakin, mai lilo gaba da baya, wadda duk buɗewarta sai tururi da ƙarar tukwane su fito.

"Alhaji, akwai ɗan garinku a nan fa," in ji Nata'ala yana goge baki. "Na ce ya yi maka abin da ya fi iyawa, ya kawo da kansa. Ai ya kamata ku gaisa."

Baffa ya daina tauna. Ya dubi Nata'ala, ya dubi Saudatu da ta sunkuyar da kai.

Ƙofar ta buɗe.

Zailani ne, da farar riga da doguwar farar hula, riƙe da faranti da hannu biyu, yana tafe a hankali don kada abin da ke kai ya girgiza. Madam Angelina na biye da shi tana alfahari. Saudatu ta so ta kalli fuskarsa, amma idonta ya maƙale a kan kwanon. Abin ya taso ya wuce baki da kusan tsawon yatsa, samansa ja-ja-ja kamar bayan waina, yana rawa kaɗan-kaɗan kamar mai numfashi. Ashe ba ƙari ya yi mata ba.

Sai da ya iso teburin ya ga su waye. Farantin ya ɗan karkata, ya tare. Ya ajiye shi gaban Baffa, ya cire hular, ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar ɗakin, Turawa na kallo.

"Barka da rana, Baba. An zo lafiya?"

Baffa ya amsa a gajarce. Shi ma kwanon yake kallo, don mutum ne mai son sanin yadda aka yi abu, ko buhun siminti sai ya tambayi abin da ke ciki.

"Me ya ɗaga shi haka? Yisti?"

"Iska ce kawai, Baba. Farin ƙwai ake bugawa."

"Iska." Baffa ya gyaɗa kai. Sai kuma ya tuna abin da ke gabansa, fuskarsa ta koma yadda take. "Kai ne Zailani."

"Ni ne, Baba."

"An ce mutanen nan ba sa girki sai da giya. An ce kai ma bakinka ya saba."

"Babu komai a ciki sai ƙwai da madara da cuku da man shanu da 'yar fulawa. Da hannuna na yi."

Baffa ya zaɓi cokali ɗaya daga cikin jerin, ya miƙa masa.

"To ci in gani."

Zailani ya dubi cokalin. Bai miƙa hannu ba.

Da farko Saudatu ta ɗauka bai ji ba ne. Da ta ga har yanzu bai karɓa ba sai wani mugun tunani ya ɗarsu a ranta, wanda daga baya ta daɗe tana jin kunyarsa: ko dai akwai giyar? Ko duk labarin liman ɗin nan daɗin baki ne?

Nata'ala ya jingina da kujera ya yi 'yar dariya. Madam Angelina ta tambayi abin da ke faruwa, ya fassara mata da sauri, har da ƙari. Fuskarta ta yi ja. Ta juya kan Zailani tana magana ƙasa-ƙasa da Turancinta mai karye-karye, cewa kukun da ya ƙi ɗanɗana girkinsa gaban baƙo ya zubar da mutuncin gidanta, ya ci yanzu ko ya ajiye mata rigarta.

Saman sufle ɗin ya fara lotsawa daga tsakiya.

Saudatu ba za ta iya kiran sunansa gaban Baffa ba. Ta dai ce, hawaye na zuba kan farin ƙyallen, "Don Allah ka ci mana. Loma ɗaya ce fa."

Bai kalle ta ba. Kansa na ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. In rantsuwa kake so, zan yi alwala in dafa Alƙur'ani. In so kake in ci, zan shiga da shi ciki in cinye, Inna ta tsaya a ƙofa ta gani. Amma a gabanka ba zan iya ba."

"Don me?"

"In na ci a gabanka, na yarda ke nan ni kuku ne kawai a wurinka, ba ni da abin da nake nema a gidanka." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ni kuwa ina nema."

Saudatu ta ji kamar an zare mata ƙaya daga ƙirji, sai dai wani tsoron ya maye gurbin, don yanzu aikinsa ma na shirin tafiya, kuma babu tabbacin Baffa zai yi ko gezau.

"Alhaji, wannan ai tsohon yayi ne," in ji Nata'ala. "Nan Landan ne. Wayo kawai yake yi don an kama shi."

Baffa ya juya. Ya dubi farantin Nata'ala, inda ɓawon dodon koɗi ya taru ba komai a ciki, ya daɗe yana dubawa. Madam Angelina ta buɗe baki za ta ci gaba, ya ɗaga mata hannu. Da Turancinsa na 'yan kasuwa ya ce mata kukunta bai yi laifi ba, wata al'ada ce tasu, ta bar masa rigarsa. Ba ta gane ba, amma ta ga irin agogon da ke hannunsa, ta ja da baya.

Ya jawo kwanon gabansa. Ya nutsa cokalin, tururi ya taso da ƙamshin cuku. Ya yi bisimilla, ya ɗago lomar har ta kusa bakinsa.

Sai ya tsaya.

Ya dubi Zailani da ke durƙushe, ya dubi cokalin, ya mayar da shi cikin kwanon a hankali.

Shi ke nan, in ji Saudatu a ranta. Ya ƙi.

"Tashi ka koma ciki," in ji Baffa.

Zailani ya miƙe da ƙyar, hular a hannu. Ya ce a sauka lafiya, ya juya. Kafaɗunsa sun faɗi, ya yi taku kaɗan ke nan Baffa ya sake magana, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Ka ja ƙofar nan da kyau. Yunwa nake ji, kuma ba zan iya ci kana tsaye a kaina ba."

Zailani ya tsaya cak. Bai juyo ba, amma Saudatu ta ga yadda hannunsa ya damƙe hular. Sannan ya wuce da sauri kamar wanda aka kora, ya shige, ya riƙe ƙofar ta ciki har ta daina lilo.

Inna Mero ta ja mayafi ta rufe baki, idanunta na dariya. Saudatu ta kalli ɓurɓushin burodin da ke gaban Baffa, wanda ya ci ya ƙara ci gaban Nata'ala ba tare da ko ɗar ba, sai a lokacin maganar ta gama shigarta. Kukan da ya zo mata yanzu daban yake da na safe.

Sai da Baffa ya tabbatar ƙofar ta tsaya sannan ya ɗauki cokalin. Ya ci, ya sake ci. Sufle ɗin ya riga ya saɓe ya koma rabi, amma bai hana shi ba. Inna Mero ba ta jira tayi ba ta sa nata cokalin, ta kuma tura wa Saudatu ɗaya ta ƙarƙashin hannu.

Saudatu ta ɗiba kaɗan. Yana taɓa harshenta ya narke, ɗumi-ɗumi, ga gishirin cuku ga daɗin man shanu, kafin ta tauna babu shi. Ta so ta tsaya ta gane yadda aka yi iska ta yi ɗanɗano, amma hawaye ya hana ta.

Nata'ala ya dubi siririn cokalin da ke hannunsa, da sauran dodon koɗi ɗaya a tsire. A hankali ya ajiye shi, ya ture farantin gefe, ya naɗe hannuwa kamar wanda bai taɓa cin komai ba tun safe.

Baffa ya gan shi. Ya tura masa farantin ya koma gabansa, cikin sakin fuska.

"A'a, ci abincinka, Nata'ala. Ni da kai ai babu kunya a tsakaninmu."